Milimita Biyar: Abin da Ke Hana Kayan Keke Haɗuwa da Juna

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, keke ya sake samun daraja a Kano. Wanda ya bi ta Unguwar Gano, ko ya ratsa Gyadi-Gyadi zuwa Tarauni da safe, zai ga ma'aikata da ɗalibai a kan kekunan gwanjo masu faɗin taya, irin waɗanda aka ƙera don hawan tudu. Da yake Kano shimfiɗaɗɗiya ce, mai irin wannan keke bai daɗewa sai ya ji yana ta juya feda amma gudun bai kai yadda yake so ba. Sai ya sayo hannun feda da babban farantin sarƙa na keken tsere, ya kai wa mai gyara. Mai gyara ya gwada, ya girgiza kai, ya ce: "Malam, wannan ba zai zauna ba." Mai keke ya tafi yana zargin rashin gwaninta. Laifin kuwa na tarihi ne, kuma girmansa milimita biyar ne kacal.

Keke mai tayoyi biyu daidai da juna, wanda sarƙa ke jan tayar baya, ya samo asali ne daga Rover da John Kemp Starley ya fitar a Ingila a 1885. A ƙasan gangar jikinsa akwai wani ɗan bututu inda ƙarfen da ke haɗa feda biyu yake juyawa a kan boris. Kowace ƙasa ta yanka zaren wannan bututu yadda ta ga dama. Kamfanin BSA na Birmingham, wanda asalinsa maƙerin bindigogi ne, ya yi zare 24 a kowane inci da faɗin milimita 68. Italiyawa suka zaɓi milimita 70, Faransawa kuma suka bi nasu awon. Raleigh na Nottingham ya riƙe zare 26, abin da ya sa mai kekensa dole ya koma wa kayansa.

Wannan Raleigh ɗin shi ne keken da ƙasar Hausa ta sani. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuɗin gyaɗa ya sa keke ya zama abin alfahari ga malamin makaranta da ɗan kasuwa da ango, har daga baya aka riƙa harhaɗa Raleigh a Kano. Da Phoenix na Sin da Hero na Indiya suka shigo da araha, siffarsu ta Ingila ce: faranti guda, giya guda, da ƙusar da ake bugawa ta riƙe hannun feda. Shekara da shekaru mai gyara na aiki da tsari kusan ɗaya. In abu ya ɗan saɓa, guduma da washa su daidaita shi.

Sauyin ya zo daga nesa. A shekarun 1970 wasu matasa a Kalifoniya ta Amurka suka fara sauko wa duwatsu da tsofaffin kekuna, kuma a 1981 kamfanin Specialized ya fitar da Stumpjumper, ɗaya daga cikin kekunan tudu na farko da aka ƙera da yawa. Taya mai faɗi tana buƙatar sarari, don haka aka buɗa ƙarafa biyun da suka rungumi tayar baya, da yawa kuma aka faɗaɗa bututun ƙasa zuwa milimita 73. Keken tsere ya tsaya a 68. Zaren ɗaya ne, shi ya sa kayan kan fara shiga kamar za su zauna. A Najeriya kuwa, faɗuwar darajar naira daga 1986 ta sa sabon kaya ya gagari talaka, gwanjo ya mamaye kasuwa. Kwantena guda sai ta zubo kekunan Turai da Japan da Amurka, kowanne da awon gidansu.

Matsalar iri biyu ce. Ta farko tsawon ƙarfen tsakiya. A tsohon tsari mai baki murabba'i, ƙarfen daban yake da hannun feda, ana iya sa mai tsawo a turo farantin waje. Amma a farkon shekarun 2000 Shimano ya yaɗa tsarin Hollowtech II, inda ƙarfen ke manne da hannun dama. Na keken tsere an auna shi ne a kan 68, don haka a bututu mai 73 hannun hagu ba ya samun isasshen wurin kamawa. Ta biyu girman faranti. Na tsere kan kai haƙori 50 ko 53, na tsohon keken tudu kuwa 42 ko 44. Babban faranti sai ya goga ƙarfen baya da aka buɗa saboda taya.

A nan haɗarin yake. In mai keke ya matsa, wani mai gyaran zai goge bututun da zarto, ko ya lotsa ƙarfen baya da guduma. Ƙarfe na iya jurewa, amma gangar jikin alminiyom da aka lotsa tana iya tsagewa ba sanarwa. Hannun feda da ya ɗan kama kaɗan kuma yana iya ficewa a tsakiyar Titin Zariya, tsakanin A Daidaita Sahu da tirela.

Mafita mai sauƙi ce. A fara auna faɗin bututun. In 68 ne, kamar yadda yake a tsofaffin kekunan tudu da yawa, aikin na iya yiwuwa, muddin akwai tazara tsakanin faranti da ƙarfen baya kuma sarƙa ba ta karkace ba. In 73 ne, gara a nemi hannun feda na keken tudu mai haƙori 48, wanda zai ƙara gudu ba tare da an taɓa gangar jiki ba.

Mai gyaran da ya ce ba zai zauna ba, shawarar da aka yanke a Birmingham da Kalifoniya da Osaka ce ya ci karo da ita a ƙarƙashin bishiyar dalbejiya. Ya cancanci a saurare shi.