Inda Fadar Kabi Ta Koma

Baƙon da ya sauka Birnin Kebbi yana cigiyar fadar Kabawa, fadar Sarkin Gwandu za a nuna masa. Dalili kuwa, a 1805 Abdullahi ɗan Fodiyo ya ci birnin, sarakunan Kabi suka fice, daga bisani suka kafu a Argungu, inda suka yi ta gwabzawa da Gwandu da Sakkwato har zuwan Turawa. A can Gidan Tarihi na Kanta yake, tsohuwar fada ce da aka buɗe wa jama'a a 1958, ga makamai, ga tambura, ga kaburburan sarakuna. Surame kuwa, birnin Kanta na ƙarni na 16, yau kufai ne cikin Jihar Sakkwato. Ragowar ganuwarsa ta dutse tana nan, sai dai masu tururuwa zuwa bikin kamun kifi ba kasafai suke leƙa ta ba.