Hanyoyin Magana Tsakanin Jami'an Tsaro da Jama'a a Yankin 'Yan Gudun Hijira na Maraɗi

Tsaro na haɗin gwiwa da jama'a tsari ne da ya dogara ga labari: jami'i ba ya iya kasancewa a kowace rijiya da kowane burtali, saboda haka sai ya dogara ga abin da mazauna wuri suka gani suka kuma yarda su faɗa. A jihar Maraɗi wannan dogaro ya ƙaru tun 2019, shekarar da dubban mutane suka fara tsallako iyaka daga jihohin Sakkwato, Zamfara da Katsina, suna gudun 'yan bindiga masu satar shanu da garkuwa da mutane. Akasarinsu mata ne da yara, kuma sun sauka a ƙauyukan gundumomin Gidan Runji da Madarunfa. A watan Satumba na 2019 hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da 'yan gudun hijira, HCR, ta buɗe ofishi a Maraɗi, sannan aka fara kwashe wasu daga bakin iyaka zuwa Garin Kaka, Ɗan Daji Makau da Cadakwari. Ba sansanoni aka gina masu shinge ba. Matsugunai ne a gefen garuruwan da suke nan tun da, inda baƙo da ɗan gari ke tarayya a kan ruwa, makaranta da asibiti. Hare-haren da aka kai a watan Afrilu na 2020 sun sake koro mutum kimanin 23,000, kuma a wannan shekarar gwamnatin Nijar ta ba masu gudowa daga waɗannan jihohi matsayin 'yan gudun hijira a dunƙule, ba tare da an binciki kowa shi kaɗai ba.

Tarihin yankin ya sa lamarin ya bambanta da na wurare da dama. Maraɗi kanta Katsinawan da suka guje wa jihadi ne suka kafa ta a farkon ƙarni na 19. Tsibiri kuma, wadda ke cikin gundumar Gidan Runji, Gobirawa suka kafa ta ƙarƙashin Sarki Mayaƙi bayan yaƙin Gawakuke na 1836, shekaru 28 bayan faɗuwar Alƙalawa, babban birninsu. Daga Tsibiri ne kuma Ɗan Halima ya ɓalle ya kafa Sabon Birni, wadda yanzu take ɓangaren Najeriya. Ke nan mutumin Sabon Birni da ya iso ƙasar Tsibiri gidan danginsa ya zo, harshe ɗaya, karin magana ɗaya, sau da yawa ma da auratayya a tsakani. Shi ya sa tun kafin motar agaji ta iso, masu gari sun riga sun buɗe zauruka da rumbuna.

Wannan kusanci ya kawar da matsalar tafinta, wadda ke cinye rabin ƙarfin irin wannan aiki a wasu ƙasashe. Amma ya haifar da wata da ta fi ta wuyar gani. Baƙon da ba a iya bambanta shi da ɗan gari yana saurin ɓacewa daga lissafin hukuma, sai a ɗauka abin da aka faɗa wa masu gari ya isa gare shi. Haka kuma ɗan leƙen asirin ɓarayi yana shigowa da harshe ɗaya da tufafi ɗaya da wanda ya koro. Duk tsarin sadarwar da aka kwaso daga littafin wata ƙasa, wanda ya ɗauka cewa aikin shi ne fassara saƙo da buga alluna, ya yi kuskuren gano ciwon tun daga farko.

Abu na farko da baƙo ke bukatar sani shi ne wane ne wane. A Nijar akwai 'yan sandan ƙasa, waɗanda suka fi aiki a birane da mashigan iyaka, akwai jandarmomi da ke riƙe da karkara kuma suna ƙarƙashin ma'aikatar tsaro, akwai garda da ke ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida, ga jami'an gandun daji, ga na kwastan, ga soja. Wanda ya tashi a Isa ko Shinkafi bai san jandarma ba, bai san wa ake kai wa ƙarar satar akuya ba, bai san wanda ke da ikon tambayarsa takarda ba. Takardun kansu da Faransanci ake rubuta su, harshen da ko wanda ya yi boko a Najeriya ba ya karantawa. Ƙari a kan haka, da yawa sun baro garuruwan da aka yi ta kiran jami'ai ba su zo ba sai bayan an gama ɓarna. Mai irin wannan tarihi, in ya ga kaki, shiru ne abin da ya fara zuwa masa. Bayanin waɗannan abubuwa da baki, a wurin rabon abinci da wurin rajista, ya fi kowace takardar manne amfani, kuma ba ya cin kuɗi.

Sai dai jigon matsalar yana wani wuri: a wannan yanki faɗin labari yana iya kashe mai faɗa. Ɓarayin daji suna da masu kai musu rahoto a cikin garuruwa, waɗanda jama'a ke kira infoma, kuma su ne ke nuna gidan da aka sayar da sa jiya ko wanda ɗansa ya aiko da kuɗi daga Libiya. Inda haka take, taron wayar da kai da ake yi a ƙofar gidan mai gari, da kujeru da lasifika da hoto don rahoton masu ba da tallafi, ba wurin jin gaskiya ba ne. Jami'i ya tambaya ko akwai damuwa, dattijo ya miƙe ya ce sai godiya, kowa ya watse, alhali a cikin taron akwai wanda ya san hanyar da babura ke bi da dare, akwai kuma wanda ya zo ya ga ko wani zai faɗa. Irin wannan taro yana da amfaninsa wajen gabatar da fuska da sanar da doka. Kuskuren shi ne a ƙidaya yawansa a ce an sami amincewar jama'a. Ingancin tsarin sadarwa a nan ana auna shi ne da tambaya guda: in mace mai gudun hijira ta ga baƙuwar fuska tana tambayar gidan wane, ta wace hanya maganarta za ta isa ga jandarma ba tare da sunanta ya fita ba?

Amsar da ta fi kusa tana cikin sarautar gargajiya. Dokar 2015 da ta tsara matsayin sarakuna a Nijar ta sa su cikin jerin hukumomin mulki, ta kuma ba su ikon sasanta mutane a kan al'amuran gargajiya da na zaman tare. Daga mai unguwa zuwa mai gari, zuwa sarkin kanto, zuwa fadar Sarkin Gobir a Tsibiri ko ta Sarkin Katsina a Maraɗi, akwai tsani da labari ke hawa tun kafin zuwan Faransawa, kuma al'adar kai baƙo ya gai da mai gari ita kanta rajista ce. Amma tsanin yana da gibi biyu. Ɗan gudun hijira ba shi da mai garinsa a nan. In rigimarsa da ɗan gari ce, wanda zai kai wa kuka shi ne uban abokin rigimar. Dole ke nan a san shugabannin da baƙin suka zaɓa da kansu, a kuma ba su damar ganin jami'i kai tsaye. Gibi na biyu shi ne sarkin ma ana iya cin masa. Sace Sarkin Gobir na Gatawa, Isa Muhammad Bawa, da mutuwarsa a hannun 'yan bindiga a watan Agusta na 2024 labari ne da kowane mai rawani na wannan ɓangaren iyaka ya ji. Ɗora wa mai gari dukan nauyin kai rahoto daidai yake da nuna shi da yatsa. Hanyoyin su zama da yawa: liman, malamin asibiti, shugaban 'yan kabu-kabu, sarkin pawa, dillalin kara, kowanne da abin da idonsa ke gani.

Mata kuwa, da su ne mafi yawa, hanyarsu daban ce. Matar da aka yi wa fyaɗe a daji ko a hanyar itace ba za ta faɗa a gaban dattawa ba, ba kuma za ta shiga ofishin da maza kaɗai ke zaune ba. A Gobir akwai sarautar Inna, a Maraɗi akwai ta Iya, kuma dukansu tsofaffin kafofi ne na jin kukan mata. A ƙauyuka akwai ungozomomi da uwayen adashi. Jami'a mace guda da ke zuwa asibiti ranar awon ciki tana jin abin da sintirin wata guda ba ya ji.

Rediyo da waya su ne ɓangaren da aka fi zuba wa kuɗi. Tashoshi irin su Anfani da Saraounia, da shirye-shiryen Hausa na Studio Kalangou da aka fara a 2016, suna isa inda mota ba ta zuwa, kuma shirin da shugaban jandarmomi ke amsa kiran masu sauraro da Hausa yana rage nisa ƙwarai. Amma abokin gasar rediyo yanzu shi ne saƙon murya na WhatsApp, wanda ke tashi daga Sabon Birni ya iso Jiratawa kafin a idar da sallar asuba, ko gaskiya ne ko ƙarya. Hukumar da ta yi kwana biyu ba ta ce komai ba a kan harin da kowa ya sani ta bar fili ga ji-ta-ji-ta. Toshe kafa ma ba magani ba ne. Da aka katse layukan waya a Zamfara da sassan Sakkwato da Katsina a watan Satumba na 2021, talaka ne ya rasa hanyar neman agaji, kuma a bakin iyaka layukan Nijar suka ci gaba da aiki ga duk mai katinsu.

Abin da jami'i ke furtawa a bainar jama'a shi ma ɓangare ne na tsarin. In an ce Fulani ne suka kai hari, ko 'yan Najeriya ne suka kawo ɓarayi, an yanke wa dubban mutane hukunci da jimla guda. Jihar Maraɗi ta san ƙarshen wannan hanya: a Toda, cikin ƙasar Gidan Runji, a watan Oktoba na 1991, an kashe Fulani fiye da ɗari, galibi mata da yara, bayan rigimar manoma da makiyaya. Makiyayi shi ne ya fi kowa sanin dajin Baban Rafi da burtalolin iyaka, shi ne kuma aka fi sace wa dabba. Tsarin da bai zaunar da arɗo a teburi ba ya rasa shaidan da ya fi gani, ya kuma tura matasan rugga wajen masu ce musu hukuma ba tasu ba ce.

Akwai kuma ƙananan koke-koke da ba su kai laifi ba: layin famfo, saran itace a gonar wani, kuɗin ƙwadago da ya faɗi a lambunan Jiratawa ko a tashoshin Maraɗi saboda hannuwa sun yi yawa, da ƙorafin ɗan gari cewa shi ya ciyar da baƙo amma baƙon aka rubuta wa taimako. Jami'in da ya saurari waɗannan ya miƙa su ga mai gari ko kwamitin filaye yana sayen amanar da za ta kawo masa babban labari gobe. Sharaɗin shi ne amsa ta dawo. Wanda ya kai rahoto bai ga an zo ba, ko ya ga wanda aka kama ya dawo gida bayan kwana uku ba tare da bayani ba, ba zai sake buɗe baki ba, kuma maƙwabtansa sun koya daga gare shi.

Yanayin da ake wannan aiki ya canza bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023. An kawo ƙarshen shirin horar da 'yan sanda na Tarayyar Turai, tallafin waje ya ragu, kuma a watan Afrilu na 2024 aka rushe majalisun ƙananan hukumomi aka naɗa kantomomi, da yawansu masu kaki. Kansila da ke zaune a ƙauye, wanda a da yake ɗaukar kuka ya kai wa magajin gari, ya fita daga tsanin. Nauyin da yake ɗauka ya koma kan masu gari, limamai da shugabannin 'yan gudun hijira, kuma mafi yawan matakan da za su taimaka, wato jami'i sananne ga kowane rukunin ƙauyuka, lambar wayar da ake ɗauka da dare, ranar ganin mata a asibiti, da bayanin abin da aka yi da kowane rahoto, umarnin gwamna da na shugabannin rundunoni suke bukata, ba kasafin wata ƙungiyar waje ba.