Yadda Jami'ar Cambridge Ta Buɗe Wa 'Yan Gari Ƙofa

Da rikici aka haifi Jami'ar Cambridge ta ƙasar Ingila. A shekarar 1209 wasu malamai da ɗalibai suka gudo daga Oxford, bayan an rataye 'yan'uwansu bisa zargin kashe wata mata, suka yada zango a wannan ƙaramin gari na bakin kogi. Ba a daɗe ba baƙin suka fi 'yan gida ƙarfi, domin sarakuna suna ɗaure musu gindi. A 1381, lokacin boren talakawa, mutanen gari suka kwaso takardun gatan jami'ar suka cinna musu wuta a tsakiyar kasuwa. Da ƙura ta lafa, sarki ya hukunta garin ta hanyar danƙa wa jami'a ikon duba mudu da sikeli da farashin burodi. Wato hatta abin da mai gida zai kai bakinsa sai malamai sun sa hannu.

Abin bai tsaya a kasuwa ba. Jami'ar tana da nata gidan kaso, inda jami'anta ke tsare duk macen da suka zarga da lalata tarbiyyar ɗalibai. Sai a 1894 doka ta ƙwace wannan iko.

A bayan wannan katanga aka yi binciken da ya sauya duniya. A ɗakin gwaji na Cavendish J. J. Thomson ya gano ƙwayar lantarki a 1897, a can kuma Watson da Crick suka fayyace siffar DNA a 1953. Mai wanki da mai dafa wa masanan abinci kuwa, iyakarsu ƙofar baya.

Kada mai karatu ya ɗauka tausayi kaɗai ne ya buɗe ƙofar gaba. A 1985 ƙungiyar masana ta Royal Society ta fitar da rahoton Bodmer, a daidai lokacin da masu bincike ke kukan ƙarancin kuɗi daga gwamnati. Rahoton ya ce wajibi ne masani ya koyi yi wa jama'a bayani, tunda da harajinsu yake aiki. Birnin Edinburgh ya fara bikin kimiyya a 1989. A 1994 aka ƙaddamar da makon kimiyya na ƙasa a Birtaniya, Cambridge ta shiga, daga nan nata bikin ya samo tushe, shekara ɗari cif bayan soke wancan iko na tsare mata.

Bikin ya bunƙasa har ya kai mako biyu a kowane watan Maris, yawancin shirye-shiryensa kyauta. Iyaye kan zo da 'ya'yansu cikin ɗakunan lacca da na gwaji, yaro ya leƙa madubin ƙara girma, ya taɓa ƙashin dabba, ya tsare mai digiri uku da tambayar da babu ita a littafi. A ganina nan ne amfaninsa ya fi yawa, don masanin da ya kasa gamsar da 'yar shekara takwas dole ya koma ya sake tunani.

Amma wasa da yara bai isa ya sayi amana ba. A 1996 gwamnati ta amsa cewa cutar haukan shanu na iya kama mutum, bayan an shafe shekaru ana cewa naman lafiya lau yake. A 2000 wani kwamitin Majalisar Dattawan Birtaniya ya ce amanar jama'a ta yi rauni, kuma maganin shi ne masana su riƙa sauraro, su daina wa'azi kawai. Akwai kuma tambayar da ke bin irin waɗannan bukukuwa har yau: shin 'ya'yan direba da na lebura suna zuwa, ko 'ya'yan malamai ne ke cika kujerun?

A 2021 jami'ar ta haɗe bikin da takwaransa na adabi da tunani, wanda aka fara a 2008, suka zama Cambridge Festival. Saboda annobar korona, karon farko ta intanet aka yi shi, iyalai suna kallo daga gidajensu.