Sarautar Buhari: Rikicin Gado da Ya Raba Haɗeja da Sakkwato

Sarki Sambo ya hau gadon Haɗeja a 1808, ya kuwa yi kusan shekara arba'in yana kafa masarautar a ƙarƙashin tutar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. A zamaninsa biyayya ga Sakkwato ba abin tambaya ba ce, domin sarautar daga can ta samo halaccinta. Da tsufa ya kama shi sai ya sauka a 1845, 'ya'yansa Garko da Abdulƙadir suka gaje shi ɗaya bayan ɗaya, amma dukansu ba su daɗe ba suka rasu.

A 1848 sarauta ta faɗa hannun wani ɗansa, Muhammadu Buhari, mayaƙin da ƙarfinsa ke wajen barada da bayin fada. Bayan ya kashe Sarkin Auyo, Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya aiko Wazirin Sakkwato aka tuɓe shi a 1850, aka naɗa ɗan'uwansa Ahmadu. Buhari ya ja da baya zuwa arewa maso gabas, ya nemi goyon bayan Barno, sannan ya dawo a 1851 ya ƙwace garin, Ahmadu kuma ya rasa ransa. Rundunar da aka tara daga masarautu don murƙushe shi ta sha kashi a Kafur, daga nan Haɗeja ta daina karɓar umarni daga Sakkwato.

Talakawa ne suka biya kuɗin wannan 'yanci. Hare-haren Buhari sun addabi gabashin Kano da ƙasar Katagum, an kwashe mutane bayi, garuruwa sun watse. Mazauna fadamar kogin Haɗeja, yankin da Kirikasamma take a yau, sun tsinci kansu a bakin iyaka tsakanin daular Sakkwato da Barno da Bade, inda noma da su da kiwo suka dogara ga yanayin yaƙi.

Buhari ya mutu a fagen fama a Gogaram, ƙasar Bade, a 1863, Haɗeja kuma ta koma cikin daula. Sai dai fadar da ya bari ta saba da dogaro ga mayaƙanta fiye da jiran izini daga nesa. A 1906, shekara uku bayan faɗuwar Kano da Sakkwato, Sarki Muhammadu ya ƙi miƙa wuya ga Turawa, ya mutu yana yaƙi a cikin birninsa.