Gidajen da Suka Yi Ƙaura Zuwa Birni

Maƙalar wannan mako za ta kai mu ƙasar Suwidin, inda aka kwashi gidajen ƙauye ɗungurungum aka kai su birni.

A ƙarshen ƙarni na 19, masana'antu sun riƙa janye mutanen karkarar Suwidin zuwa birane, wasu kuma suka tsallaka Amurka. Wani malami, Artur Hazelius (1833-1901), ya zaga lardin Dalarna ya ga tufafi da kayan aikin gargajiya suna ɓacewa. Ya shiga tattara su, ya buɗe ɗakin nuni a Stockholm a 1873. Sai dai akushin da aka kulle a gilashi ba ya nuna wanda ya ci a cikinsa, ko murhun da aka dafa tuwon. Don haka ya ƙudura ɗauko gidan kansa.

A 1891 ya buɗe Skansen a tsibirin Djurgården, gidan tarihi a sarari, ba rufi. Cikin na farko da aka kafa akwai gidan manomi daga garin Mora. Abin da ya sauƙaƙa aikin shi ne gidajen na gungumen itace ne da ake ɗora wani bisa wani. A sa wa kowane gungume lamba, a warware, a yi jigila, a sake harhaɗawa. Hazelius ya kuma zuba mutane sanye da kayan gargajiya, ya kawo dabbobi, don kada wurin ya zama kufai.

Bayan rasuwarsa aka ci gaba da faɗaɗawa. Cocin katako na ƙauyen Seglora, wanda aka gina wajen 1730, an ɗauko shi a 1916 bayan mutanen ƙauyen sun yi sabo na dutse. A shekarun 1930 aka ƙara unguwar birni mai shaguna da wuraren sana'a. Yau gine-ginen sun kai kimanin 150, har a Polan da Hangari sunan Skansen ya zama sunan duk irin wannan wuri.

Amma ceton ya zo da asara. Gidan ya tsira daga rushewa, sai dai ya bar gonarsa da rijiyarsa da maƙwabtansa, ƙauyen kuma ya rasa shi har abada.

Mu a nan ko wannan zaɓin ba mu da shi, domin ginin ƙasa ba ya ɗaukuwa. Shi ya sa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya na Jos kwaikwayo aka gina, har da na Masallacin Juma'a na Zariya. Tsohon soron garinku, in aka daina yi masa yaɓe, damuna kaɗan sun ishe shi. Kafin ya faɗi, wa zai rubuta sunan magininsa da abin da aka yi a zaurensa?