Laƙabin Ɓatanci da Taurari a Siyasar Kamaru: Daga 1955 zuwa Zaɓen 2018

Hausawa na cewa suna linzami ne. Tarihin siyasar Kamaru ya tabbatar da haka, domin sau da yawa laƙabin da aka liƙa wa abokin hamayya shi ke jan hukuncin da za a yi masa.

Al'adar ta samo asali tun zamanin mulkin mallaka. A 1955 Faransa ta haramta jam'iyyar UPC mai fafutukar neman 'yanci, magoya bayanta da dama suka shiga daji. Hukuma ta riƙa kiransu "maquisards", wato 'yan tawayen daji. Da wannan suna aka halatta farautarsu: aka kashe jagoransu Ruben Um Nyobè a 1958, aka kuma harbe Ernest Ouandié a bainar jama'a a Bafusam a 1971, zamanin Ahmadu Ahidjo. Da yake tawayen ya fi ƙamari a ƙasar Bassa da ta Bamileke, sai laƙabin ya bi ƙabilun biyu har bayan an ajiye makamai.

Salon ya sake bayyana a zaɓen shugaban ƙasa na 7 ga Oktoban 2018, inda Maurice Kamto na jam'iyyar MRC ya ƙalubalanci Paul Biya, wanda ke mulki tun 1982. 'Yan adawa suka raɗa wa magoya bayan Biya "sardinards", saboda burodi da kifin gwangwani da akan raba a tarukan jam'iyyar RDPC. Manufar ita ce sun sayar da ƙuri'arsu don ciki. Su kuma suka mayar da martani da "tontinards", daga kalmar Faransanci ta adashi, sana'ar tara kuɗi da aka san Bamileke da ita, ƙabilar Kamto. Laƙabi na farko ya soki hali, na biyu ya soki asali. Duka biyun sun kawar da muhawara a kan aƙida da manufa.

A cikin wannan yanayi taurari suka shigo. Kwanaki kaɗan kafin zaɓe, Samuel Eto'o, wanda ya lashe kambun gwarzon ɗan ƙwallon Afirka sau 4, ya bayyana cewa Biya zai zaɓa. Shi kansa Kamto ya ari harshen ƙwallo: washegarin zaɓe ya ce ya buga fenariti kuma ta shiga raga. Sakamakon hukuma ya ba Biya kashi 71, Kamto kashi 14.

Daga nan laƙabi ya koma kan taurarin. 'Yan Kamaru mazauna Turai suka kafa ƙungiyar BAS, mai yaƙi da "sardinards", wadda ta yi kiran a ƙaurace wa mawaƙan da suka yi wa Biya wasa, ta kuma nemi hana su taruka a ƙetare. Mawaƙin da jiya ƙasa duka ke rawa da kiɗansa ya wayi gari ɗan ɓangare.

Wanda ya bi adawa ma bai tsira ba. Lapiro de Mbanga, da ya yi waƙar sukar gyaran tsarin mulki na 2008 wanda ya cire wa shugaba iyakar wa'adi, ya shafe shekara 3 a kurkuku bisa tuhumar hannu a tarzomar wannan shekara.

A Disambar 2019 aka yi dokar hukunta kalaman ƙiyayyar ƙabilanci, shaidar cewa kalaman yaƙin neman zaɓe sun wuce ranar ƙuri'a. Ɗan siyasa yana aron farin jinin tauraro na 'yan makonni ne kawai, amma tauraron shi ke ci gaba da ɗaukar laƙabin bayan an watse.