Daga Kano zuwa Jidda: Nisan tafiya da tsawon lokacin da jirgi ke ɗauka

Tazarar da ke tsakanin filin jirgin sama na Malam Aminu Kano da na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda ta kai kimanin kilomita 3,400 a miƙe. Jirgin da bai ya da zango a ko'ina ba kan ci wannan nisa cikin awa huɗu da rabi zuwa biyar, gwargwadon irin jirgin da yanayin iska.

Agogon Saudiyya yana gaban na Najeriya da awa biyu. Wanda ya tashi daga Kano da ƙarfe 10 na safe zai sauka Jidda wajen ƙarfe 5 na yamma a agogon can. Daga filin jirgin zuwa Makka kuma akwai sauran tafiyar kusan kilomita 100 a mota.

Hanyar da jirgi ke bi

Hanya mafi kusa tana ratsa arewa maso gabashin Najeriya da gefen Tafkin Chadi, ta keta ƙasar Chadi da Sudan, sannan ta tsallake Bahar Maliya. Kusan ita ce hanyar da alhazan da suka gabata suka bi a ƙafa da kan jakuna da raƙuma, suna shafe watanni, wasu ma shekaru, kafin su kai gaɓar teku a Sawakin. Da yawansu sun tsaya noma da ƙwadago a hanya don neman guzuri, kuma zuriyarsu na cikin Hausawan da ke zaune a Sudan har yau. Jiragen farko da suka sauka Kano a 1925 ma ta wannan ɓangare suka zo, daga Masar ta Sudan.

Yadda yaƙi ke tsawaita tafiya

Awa biyar ɗin nan ta dogara ne ga izinin ƙasashen da ake ratsa samaniyarsu. Da yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF a watan Afrilun 2023, an rufe sararin samaniyar ƙasar, ana dab da fara jigilar alhazan shekarar. Dole jirage suka koma zagaye, ko dai ta arewa su bi ta Masar, ko ta kudu su ɓullo ta Habasha, tafiyar ta kai wajen awa bakwai.

Ƙarin awa biyu a sama na nufin ƙarin mai, da ƙarin kuɗin da ake biyan kowace ƙasa da aka ratsa, da raguwar sawun da jirgi ɗaya zai yi a rana. A wancan lokaci kamfanonin jigila sun nemi ƙarin dala 250 kan kujerar kowane maniyyaci, aka shiga muhawara tsakanin hukumar alhazai ta NAHCON da maniyyata kan wanda zai ɗauki nauyin.

Abin lura ga matafiyi

Tikitin da ya fi araha sau da yawa yana da zango a Alƙahira ko Addis Ababa, inda jiran jirgi na biyu kan mayar da tafiyar awa goma ko fiye. Kafin a biya kuɗi, yana da kyau a duba yawan zangon da ke kan tikitin, a kuma tuna cewa lokacin sauka da aka rubuta a kansa na agogon Saudiyya ne.